Jagora Ga Mai Ƙera Kwamfutar Gida: Sanin Mai Saye Da Ƙiyasta Bukatar Kayan Ƙari

Duk wanda ya ƙudurta ƙera kwamfuta domin amfanin cikin gida, ko kuwa ya ƙudurta ƙera kayan da ake jona mata, kamar ƙarin ƙwaƙwalwa da firinta da na'urar faifai da sandar wasa, to akwai mas'aloli biyu da ya wajaba ya warware tun bai zuba ko kwabo a masana'anta ba: ta farko, wane ne zai sayi na'urar, ta biyu, in ya kai ta gida ya zauna da ita wata uku ko huɗu, me zai komo kanti nema. A zahiri mas'alolin nan sun yi kama da rababbu, amma a haƙiƙa jawabin ta biyu yana cikin ta farko, domin abin da mutum zai komo nema shi ne tazarar da ke tsakanin abin da na'urar ta iya da abin da shi ya saye ta dominsa. Ba inda aka jarraba wannan ilmi jarrabawa mai tsanani kamar Ingila da Amurka tsakanin 1977 da 1986, zamanin da kamfanoni suka yi ta rige-rigen shigar da kwamfuta gidajen jama'a, waɗansu suka azurta, waɗansu suka karye. Kuma tun da yake farashinsu da tarihinsu sanannu ne, da su za mu kafa hujja a kowane fasali.

Fasali Na Farko: Tantance Mai Saye

Ka sani, ya kai mai karatu, cewa mai ƙirar da aka tambaye shi wa ya yi wa na'urarsa, ya amsa da cewa ta kowa da kowa ce, bai soma aikin ba tukuna. Abin da ya kamata shi ne ya siffanta mutum guda siffantawa cikakkiya, ya rubuta a takarda, sa'an nan ya auna kowace shawara da wannan mutumin. Tambayoyi huɗu ne ke fito da siffarsa.

Ta farko, wa zai biya kuɗi, wa kuma zai yi amfani, domin sau da yawa mutum biyu ne. A Birtaniya ta farkon shekarun 1980 iyaye ne ke biya, bisa imanin cewa na'urar za ta taimaki 'ya'yansu a karatu, alhali yaran da aka saya wa galibinsu wasa suke yi da ita. Saboda haka wanda ake lallashi da tallar na'ura uba ne, wanda kuwa ke tayar da bukatar sandar wasa ɗa ne. Ita kuwa BBC Micro, wadda kamfanin Acorn na birnin Kambirij ya fitar a ƙarshen 1981, babban mai sayenta makaranta ce, gwamnati tana biyan rabin kuɗin na'urar farko. Shi ya sa kayan da aka fi nema mata su ne na'urar faifai da firinta da igiyar Econet mai haɗa kwamfutocin aji guda.

Ta biyu, me mutumin nan ya riga ya mallaka a gidansa. Wannan ita ce tambayar da Clive Sinclair ya amsa da basira a watan Maris na 1981, da ya fitar da ZX81 a kan fam 69.95 haɗaɗɗiya, ko fam 49.95 ga mai son ya haɗa da hannunsa. Ya lura cewa kusan kowane gida yana da akwatin talabijin da rikoda mai kaset, sai ya mai da talabijin allon kallo, ya mai da kaset ma'ajiyar manhaja, ya sayar wa mutane da abin da ba su da shi kaɗai. An sayar da fiye da miliyan ɗaya da rabi.

Ta uku, ina iyakar abin da zai iya fitarwa lokaci ɗaya ba tare da ya ci bashi ba. Wannan iyaka ita ce ke hukunta abin da za a sa cikin na'ura da abin da za a bari a waje, kuma duk abin da aka cire domin a sauko da farashi, in dai mai saye yana bukatarsa, to an haifi kasuwar kayan ƙari ke nan tun ranar da aka cire shi.

Ta huɗu, a wane kanti zai saya. A wancan zamani, kwamfutar Apple II dillalai ƙwararru ke sayar da ita, waɗanda za su iya buɗe murfi su dasa kati su gwada. ZX81 kuwa a kantunan littattafai na W H Smith ake samunta, kamfanin Commodore kuma ya kai nasa manyan kantuna irin su Kmart, inda mai tsaron kanti ba shi da lokacin bayani. Kayan ƙarin da za a sayar a irin wannan wuri lalle ne ya zama wanda yaro zai jona da kansa daga waje, ba tare da sukudireba ba.

Fasali Na Biyu: Haɗarin Faɗawa Tsakani

Wanda ya ƙi zaɓen mutum guda yakan ƙare da na'urar da ta fi ƙarfin wannan, ta kuma gaza wa wancan. Babban misali shi ne PCjr, wadda kamfanin IBM ya yi shelarta a Nuwamba 1983, ya soma rabawa a Maris 1984, ƙarama a kan dala 669, mai na'urar faifai a kan dala 1,269. Ga iyalin da ke son wasa da koyo ta yi tsada ƙwarai, tun da a lokacin Commodore 64, wadda ta fito a 1982 a kan dala 595, farashinta ya faɗo ƙasa da rabin haka. Ga ma'aikacin ofis da ke son ya ci gaba da aikinsa a gida kuwa, allon madannanta ba ya daɗin buga doguwar wasiƙa, ƙwaƙwalwarta ta gaza, waɗansu manhajojin babbar PC ta IBM ba sa tafiya a kanta, kafofinta kuma ba sa karɓar kayan da ake da su a kasuwa sai nata. IBM ya sauya wa mutane allon madannai kyauta, ya rage farashi, amma duk da haka a Maris 1985 ya daina ƙera ta.

Haka Acorn ya gamu da nasa a kan Electron, ƙanwar BBC Micro, wadda ya fitar a 1983 a kan fam 199. An cire mata kafar firinta da ta sandar wasa domin ta yi araha, sai mai bukata ya ƙara sayen akwatin da ake kira Plus 1. Ga shi kuma ba a samu ƙera isassu ba a lokacin Kirsimetin 1983, sa'ad da bukata ta yi ƙarfi, da aka ƙera su da yawa a shekara mai biye sai kasuwa ta yi sanyi, kaya suka taru a sito, har ya zama a 1985 kamfanin Olivetti na Italiya ya sayi babban kaso na Acorn. Abin lura a nan shi ne, sanin mai saye ya haɗa da sanin watan da yake saye.

Fasali Na Uku: Rabe-raben Kayan Ƙari

Wanda ya sayi doki bai gama saye ba sai ya nemi linzami da sirdi, amma ba kowane mai doki ke neman kayan ado na hawan salla ba. Haka kayan ƙarin kwamfuta suke, darajarsu uku ce, kuma mai lissafin da ya cakuɗa su zai yi hasara.

Na farko wajibi ne, wato wanda na'ura ba ta cika aikin da aka saye ta dominsa sai da shi. ZX81 ta zo da ƙwaƙwalwa kilobayit ɗaya tak, wajen haruffa dubu ke nan, wanda ba ya isa ga wata manhaja ta kirki. Saboda haka akwatin ƙarin ƙwaƙwalwa mai kilobayit 16, duk da cewa kuɗinsa fam 49.95 ne, fiye da kashi biyu bisa uku na kuɗin na'urar kanta, mutane suka yi ta sayensa. A wajibi tsada ba ta hana saye, sai dai ta jinkirta shi.

Na biyu mustahabbi ne, wanda ana iya aiki ba shi amma da wahala, kamar na'urar faifai a madadin kaset, ko sandar wasa a madadin madannai, ko firinta. A nan ne ƙiyasi ya fi wuya, domin hukuncinsa yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Commodore 64 guda ce a Amurka da Birtaniya, amma Amurkawa suka rungumi na'urar faifai ta 1541 har ta yi ƙaranci a kantuna a ƙarshen 1983, masu manhaja suka koma buga kayansu a faifai, alhali a Birtaniya kaset ya ci gaba da mulki shekaru da yawa saboda arahar rikoda da arahar wasannin kaset. Abin da yake mustahabbi a wannan kasuwa ya zama wajibi a waccan, da zarar manhajar da kowa ke so ta daina fitowa a kaset.

Na uku mubahi ne, na masu sha'awa, kamar alƙalamin haske da na'urar furta magana. Mujallu suna son ba da labarinsu, masu sha'awa suna yawan rubuto wasiƙa a kansu, har mai ƙira ya zaci jama'a ce ke magana, alhali 'yan tsiraru ne masu ƙarfin murya. Irin wannan kaya a ƙera kaɗan, a sa masa farashin da zai mai da kuɗin ƙira ko da ɗari kaɗan aka sayar.

Fasali Na Huɗu: Yadda Ake Ƙiyasta Adadi

Asalin lissafi shi ne yawan na'urorin da ke hannun jama'a, daga nan sai a yi ta ragewa mataki mataki. Mu ƙaddara, alal misali kawai, an sayar da na'ura 10,000. A fara cire waɗanda aka yi marmarinsu mako biyu aka jefa cikin kabad. In ɗaya ce cikin biyar, saura 8,000. A cikinsu a ware masu yin aikin da ke bukatar kayan nan. In rabi ne, saura 4,000. A ware masu ikon biya a wannan farashi. In rabi ne kuma, saura 2,000. A ƙarshe a tuna cewa akwai abokan gasa. In sun ɗauki rabi, rabonka 1,000 ne. Wanda ya dubi dubu goma ya ba masana'anta odar dubu biyar, ya tara wa kansa kayan da zai sayar da su ƙasa da uwar kuɗi.

Waɗannan kasoshi ba a zaune a ofis ake samunsu ba. Ana samunsu daga katin garanti da mai saye ke cikewa, in an sa masa tambaya kan abin da yake nufin yi da na'urar da abin da zai saya nan gaba. Da bakin masu kanti, waɗanda suka san abin da ake tambaya ba a samu ba. Da ƙungiyoyin masu amfani da na'urar. Da shafukan talla na mujallu, domin kayan da ka ga kamfani biyar suna tallarsa wata bayan wata, to yana fita, wanda kuwa ya bayyana sau biyu ya ɓace, ya gaya maka labarinsa. Amma shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce kafin alƙalami, gama mutum ɗari da suka ce suna so ba su kai goma da suka ajiye kuɗi ba. Sai dai wanda ya karɓi kuɗin mutane kafin kaya, sharaɗin da malaman fiƙihu suka gindaya wa cinikin salam ya hau kansa, wato sanannen siffa da sanannen ajali. Sinclair ya karɓi kuɗin masu odar kwamfutarsa QL a farkon 1984 bisa alkawarin kwana 28, aka yi watanni ba a kai musu ba, sunansa ya ɓaci ɓacin da bai gama gyaruwa ba.

Sa'an nan a sa ido kan manhaja, domin ita ce ke tayar da bukatar ƙarfe. Apple II ta fito a 1977, na'urar faifanta Disk II ta biyo a 1978, amma da manhajar lissafin kasuwanci ta VisiCalc ta fito a 1979, wadda ke bukatar faifai da ƙwaƙwalwa kilobayit 32, sai 'yan kasuwa suka riƙa sayen na'urar da faifan da ƙarin ƙwaƙwalwar gaba ɗaya dominta. Akasin haka ya faru ga ZX Interface 2, wanda Sinclair ya fitar a 1983 domin a riƙa cusa wa kwamfutarsa Spectrum wasanni na cikin ƙwanso: wasannin sun ninka na kaset tsada, guda goma kaɗai aka taɓa fitarwa, masu manhaja suna jiran yawan masu saye, masu saye suna jiran yawan manhaja, har abin ya mutu a tsakaninsu. Saboda haka kafin a ƙera kowane kayan ƙari a tambaya: wace manhaja ce, da sunanta, za ta sa mutum ya fitar da kuɗinsa?

Fasali Na Biyar: Buɗe Ƙofa Ko Rufe Ta

Tun da yake ƙiyasi, komai kyansa, zato ne, mai hikima yakan bar wa na'urarsa hanyar da wasu za su cike abin da ya manta. Lokacin ƙirar Apple II, Steve Jobs ya so a yi gurbi biyu kawai, na firinta da na modem, Steve Wozniak ya dage sai takwas, kuma kamfanin ya bayyana yadda ake ƙera katin da zai shiga cikinsu. Daga waɗannan gurabe wasu kamfanoni suka fito da abin da Apple bai yi tunani ba: katin Videx mai nuna haruffa 80 a layi, da katin SoftCard na Microsoft a 1980, wanda ya ba na'urar ikon tafiyar da manhajojin CP/M. Kowane kati ya jawo wani sabon rukunin masu saye, zuriyar Apple II kuma ta rayu har 1993.

Texas Instruments ya bi ɗaya hanyar da TI-99/4A. Ya yi ta rage farashin na'urar cikin gasa da Commodore har ta kai wajen dala 99 a 1983, da fatan ya mai da hasarar daga manhaja da kayan ƙari, ya kuma tsananta wa kamfanonin waje don kada su raba ribar da shi. Amma mutumin da arahar dala 99 ta jawo ba shi ne mai sayen akwatin faɗaɗawa da faifai na ɗaruruwan daloli ba; wato farashin ya kawo wani mai saye, lissafin riba kuwa an gina shi a kan wani daban. A Oktoba 1983 kamfanin ya yi shelar fita daga kasuwar bayan hasara mai yawa.

Kuma a sani cewa wanda ya yi jinkiri, wani zai kafa masa ƙa'ida a gidansa. ZX Spectrum ta fito a Afrilu 1982, mai kilobayit 16 a kan fam 125, mai 48 a kan fam 175, ba ta da kafar sandar wasa; wani ƙaramin kamfani mai suna Kempston ya cike giɓin, masu wasanni suka bi tsarinsa, har ya zama lokacin da Sinclair ya fito da nasa, na Kempston ya riga ya zama abin da kowa ya sani.

Fasali Na Shida: Karatun Kasuwa Bayan Fitar Na'ura

Aikin tantance mai saye ba ya ƙarewa ranar da na'ura ta shiga kanti, domin kasuwa takan ƙaryata mai ƙira, wani lokaci ta alheri. Acorn ya zaci zai sayar da BBC Micro kamar 12,000, aka sayi fiye da miliyan ɗaya da rabi, galibin mutane kuma suka tsallake ƙaramar mai araha suka nufi babbar, Model B, mai cikakkun kafofi. Haka a 2012 Eben Upton da abokansa suka fitar da Raspberry Pi a kan dala 35 domin yara masu koyon shirya manhaja, suna tsammanin dubbai kaɗan, sai ga masu sha'awar ƙere-ƙere da masana'antu sun saye miliyoyi. Da suka ga yawan allunan da mutane ke ƙerawa suna ɗorawa a kan fil-fil ɗinta, sai a 2014 suka mai da fil ɗin 40, suka shimfiɗa ƙa'idar HAT domin kayan kowa ya dace, suka kuma fitar da wani samfuri na musamman domin masana'antu.

Ƙa'idar da za a riƙe ita ce, duk kayan ƙarin da akasarin masu na'ura suka saya, to ya tashi daga ƙari ya koma asali, sai a shigar da shi cikin samfuri mai zuwa. Apple IIe ta 1983 ta zo da kilobayit 64 da ƙananan haruffa, waɗanda da sai an ƙara kuɗi. Alan Sugar na Amstrad ya lura da wahalar da iyali ke sha da tarin wayoyi da rigimar talabijin guda, sai a 1984 ya fitar da CPC 464 da allon kallonta da kaset a jikinta da filogi ɗaya. Da ya sayi sunan Sinclair a 1986 a kan fam miliyan biyar kuwa, Spectrum ta farko da ya fitar ta zo da kaset a jiki da kafofin sandar wasa. Shi kuma mai ƙera kayan ƙari ya san cewa wannan ranar tana tafe, ya mai da kuɗinsa da wuri, ya shirya abu na gaba.

Khatima: Amana A Cikin Ciniki

Saura magana guda wadda lissafi ba ya maye gurbinta. Akwatin ƙwaƙwalwar ZX81 ba ya zama daram a kafarsa, ɗan motsi kaɗan sai aikin sa'o'i ya goge, har mutane suka riƙa manne shi da danƙo. Kamfanin Memotech ya ƙera nasa wanda ya rungumi bayan na'urar sosai, ya samu kasuwa daga aibin da mai asali ya bari. Mai sayen kayan ƙari mutum ne da ya riga ya amince da kai sau ɗaya, shi ne kuma wanda maƙwabta ke tambaya kafin su saya, saboda haka cutarsa ta fi cutar baƙo tsada. Wajibi ne a gwada kowane kayan haɗi a irin teburin da za a yi amfani da shi, a hannun irin yaron da zai taɓa shi. Kuma wajibi ne a gaya wa mutum tun a kanti jimlar abin da zai kashe kafin na'urar ta yi masa aikin da ya zo nema, domin tallata farashin asali tare da ɓoye kuɗin wajibi wani nau'i ne na garari da shari'a ta hana, hankali ma ya ƙi. Mai ƙirar da ya rubuta siffar mai sayensa, ya raba kayansa daraja uku, ya rage lissafinsa mataki mataki, ya bar ƙofa a buɗe, ya faɗi gaskiyar farashi, to ya yi abin da ke wuyansa na sababi, sauran kuwa arziki ne, yana hannun Mai rabawa. Allah ya sa mu dace.